Amsa: me ya sa ganyen dashe ke yin fari a rana?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa dashen tumatirinka ya yi fari da ka fito da shi daga inuwa, alhali da hasken rana tsiro yake haɗa abincinsa. Hasken ne ya fi ƙarfinsa. Ganye yana da iyakar hasken da zai iya sarrafawa, kuma ranar tsaka ta Damagaram ta wuce wannan iyakar nesa ba kusa ba. Rarar sai ya zubar da ita. A cikin ganyen akwai wani sinadari mai launin rawaya, ana ce masa ziyazantin, wanda ke karɓar rarar hasken ya mai da ita zafi ya sake ta cikin iska, kuma cikin ƴan mintuna aikin yake kankama. Idan rarar ta rinjayi wannan kariya, sai ta lalata koren ganyen, shi ne farin da ka gani.

Tsiron da ya tashi a inuwa kariyarsa kaɗan ce. Ƙishirwa kuma tana ƙara ɓata lamarin, domin ganye yana rufe ƙananan ƙofofinsa, iskar da yake haɗa abinci da ita ta daina shiga, hasken kuwa bai fasa sauka ba. Ni a lambuna wajen Mirriya, rumfar kara mai shara-shara nake yi wa dashe, ina rage karan kaɗan-kaɗan har ya saba, in yi ban-ruwa da sassafe. Don Allah, a watan Afrilu kada ka dasa sai bayan la'asar.