Amsa ga ɗan uwan da aikin ofis ya yi wa yawa

Sannu ɗan uwa, ka ce aiki ya taru maka a ofis har in ka kwanta ma kanka ba ya daina lissafi. Gaskiya ba yawan aikin ne kaɗai ke gajiyar da kai ba, riƙe shi duk a ka ne, don abin da ba ka rubuta ba haka zai yi ta faɗo maka a rai ko kana cikin sallah. Ka samu ɗan littafi ko manhajar ajiye rubutu irin Google Keep a wayarka, kafin ka tashi aiki ka zube komai ciki har da kuɗin wuta da kiran da ka yi alkawari, sai ka ware uku kacal na gobe. Mai wuyar ka fara da shi da safe kafin Azahar, ka kashe data tukunna don guruf-guruf ɗin WhatsApp ɗin nan su ne ɓarayin lokaci wallahi. Gwada minti 25 aiki, 5 hutu, ana kiransa Pomodoro. In oga ya ƙaro wani kuma, cikin ladabi ka ce ranka ya daɗe wanne zan fara gamawa?