Tambayi Likita: Ciwon maƙoƙo ne ya rage min ƙwayoyin jini, ko kuwa magani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 34, sana'ata ɗinki. Bara na fara ramewa alhali ina cin abinci sosai, ga faɗuwar gaba, ga zufa ko a cikin hunturu, hannuna har rawa yake idan zan zura zare a allura. Wuyana kuma ya ɗan kumbura. A asibiti aka ce cutar Graves ce, aka ɗora ni a kan carbimazole, wata biyu ke nan. Da na koma aka yi gwajin jini, sai aka ga PLT ɗina 98, aka ce ya yi ƙasa. Dasashina yakan yi jini idan na yi asuwaki. Surukata ta ce maganin ne yake shanye min jini, in bar shi in sayi maganin ƙarin jini. Ban da carbimazole, ibuprofen kawai nake sha saboda ciwon bayan zaman keke. Mece ce gaskiya? Daga wata 'yar'uwa a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba ki lafiya, Ya saka wa surukarki da alheri bisa kulawarta. Amma kada ki bar carbimazole da kanki. Shi kuwa maganin ƙarin jini, jajayen ƙwayoyi yake taimaka wa, ba ruwansa da abin da ya sauka a takardarki.

PLT ɗin nan ƙwayoyin tsai da jini ne. A ɓargo ake yin su, su yi kwana 7 zuwa 10 suna yawo a jiki, sannan saifa ta kwashe waɗanda suka tsufa. Idan jijiya ta fashe, su ne ɗinkin farko, irin wanda kike yi da hannu don riƙe yadi kafin ki hau keke. Daga baya sinadaran daskarar da jini su zo su yi mai ƙwari. Lafiyayyen mutum yana da 150,000 zuwa 450,000 a ma'aunin da ake amfani da shi, don haka 98 ɗinki na nufin 98,000. Ya sauka, gaskiya ne, amma bai kai inda jini ke ɓallewa haka kawai ba. Mukan fi tsorata idan ya faɗo ƙasa da 20,000.

Alaƙarsa da wuyanki kuwa, akwai ta. Cutar da likita Robert Graves na ƙasar Ayilan ya bayyana a 1835 ba ta rashin aidin ba ce kamar maƙoƙon da iyayenmu suka sani. Garkuwar jikinki ce take ƙera sinadaran da ke zungurar tayirod, wato halittar nan ta gaban wuya, ta yi ta aiki ba hutu. Komai na jiki sai ya kama sauri: zuciya, hanji, har da saifa, wadda kan fara kwashe ƙwayoyin tsai da jini kafin wa'adinsu ya cika. Idan wannan ne dalilin, adadin kan ɗan sauka kawai, kuma ya dawo da kansa yayin da tayirod ta lafa. Ga wannan, carbimazole ɗin da ake cewa ki bari shi ne gyaran.

Akwai kuma wanda ya fi buƙatar sa ido. Garkuwar da ta kuskure a kan tayirod tana iya kuskurewa a kan ƙwayoyin su kansu, ta yi musu tambari saifa ta riƙa halaka su. Ana kiran wannan ITP, kuma an fi ganin sa a masu Graves da masu cutar Hashimoto (wata cutar tayirod da garkuwar jiki ke jawowa) fiye da sauran jama'a. Shi wani lokaci ko tayirod ta daidaita ba ya bari, sai likitan jini ya shigo, idan adadin ya faɗi sosai a ba da magani irin su prednisolone.

Shin maganin kansa na iya jawowa? Yana iya, amma da wuya. Shi ya sa nake so ki binciko takardun gwajinki na farko, kafin ki fara sha. Idan tun a lokacin adadin na ƙasa, an wanke maganin. Haɗarin carbimazole da aka fi sani a kan fararen ƙwayoyin jini yake, masu yaƙar cuta. Don Allah ki riƙe wannan: ranar da kika ji zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko gyambon baki, ki dakata da shan sa, ki je a gwada jininki a ranar. Kada ki ce maleriya ce ki tsaya kemis.

Tunda na ambaci maleriya, ita ma tana kan gaba wajen saukar da waɗannan ƙwayoyi a ƙasarmu, sai su farfaɗo bayan an warke. Wani lokaci ma ba sauka suka yi ba, dunƙulewa suka yi a cikin kwalbar gwaji, na'ura ta kasa ƙirga su daidai. Ki roƙa a shafa jinin a gilashi a duba da madubin likita, a kuma gwada maleriya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ibuprofen. Ba lallai ya rage adadin ƙwayoyin ba, amma yana hana su manne wa juna, kamar yadda asfirin da diclofenac suke yi. Ga su sun yi kaɗan, ga waɗanda suka rage an kashe musu ƙarfi. Ina kyautata zaton shi ne ke sa dasashinki jini, ko kuma ciwon dasashin kansa, domin 98 shi kaɗai bai cika yin haka ba. Ki koma farasitamol, ki riƙa tashi daga kan keke kina miƙe baya, ki sassauta hannu wajen asuwaki.

Wani abin da mutane ba su zata ba: mai Graves da ba a shawo kanta ba, jininta ya fi saurin yin guda, bugun zuciyarta kuma na iya rikicewa. Wannan ma dalili ne na rashin wasa da magani. A Hashimoto, wadda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, tayirod sanyi take yi, sinadarin da ke taimaka wa ƙwayoyin su manne ya ragu, al'ada ta yi yawa. Ke ma idan carbimazole ya yi miki yawa tayirod ɗinki na iya yin sanyi haka, don haka idan al'adarki ta ƙaru, ga kasala da jin sanyi, ki faɗa a sake auna TSH da T4, wato sinadaran da ke nuna yadda tayirod take aiki.

Ki riƙa duba cikin bakinki da ƙaurinki da rana, domin ɗigon jini ƙarƙashin fata ba ya saurin bayyana a baƙar fata. Haɓon da ya ƙi tsayawa, baƙin bayan gida, jini a fitsari ko matsanancin ciwon kai, duk na gaggawa ne, ko da tsakar dare. Idan kuma kina shirin ɗaukar ciki, ki sanar da likitanki tun kafin ya shiga, saboda akan canza maganin a watanni ukun farko.