Ina da mil a kamfanonin jirgi huɗu amma ban taɓa samun tikiti ko ɗaya ba, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina tafiya waje kamar sau biyar zuwa shida a shekara, kuma duk jirgin da na samu da araha shi nake bi, wani lokaci Turkish, wani lokaci Ethiopian ko EgyptAir, jefi-jefi Qatar. Duk na buɗe akawun na tara mil a wajensu, wato makin nan da suke ba mai hawa jirginsu don ya karɓi tikiti da shi, wannan akwai 14,000 wancan 9,000 haka dai, babu wanda ya isa tikiti, kuma kwanaki na shiga ɗaya daga ciki na tarar rabin abin ya ɓace wai ya ƙare. Don Allah abin nan gaskiya ne ko yaudara ce kawai? In gaskiya ne ya ake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ne ana samun tikiti da shi, ni kaina na hau jirgi da mil ba sau ɗaya ba, sai dai yadda kake yi ɗin nan ko shekara goma za ka yi ba za ka ga komai ba, domin ka raba ruwanka a randa huɗu kuma kowace tana yoyo.

Bari in fara da abin da zai fi ba ka haushi. Turkish da Ethiopian da EgyptAir duk 'yan ƙungiya ɗaya ne, Star Alliance, wadda aka kafa tun 1997, EgyptAir ta shiga 2008, Ethiopian kuma 2011. Ma'anar wannan ita ce lamba ɗaya ta ishe ka a duk ukun. In ka zaɓi Miles&Smiles, shirin tara mil na Turkish, misali, ranar da za ka hau Ethiopian sai ka ba su lambar Turkish ɗin taka, mil ɗin ya faɗa can, haka in ka hau Lufthansa ko United ko Singapore Airlines. Da haka ka yi tun farko da 14,000 ɗin nan da 9,000 da sauran duk suna wuri ɗaya sun zama abin kirki. Qatar ce kaɗai daban, ita tana cikin oneworld tare da British Airways da American Airlines da Royal Air Maroc, sai ƙungiya ta uku SkyTeam inda su Air France da KLM da Delta da Saudia da Kenya Airways suke. Emirates ba ta cikin ko ɗaya, ita kaɗai take abinta da wasu abokan hulɗa da ta zaɓa. Toh akawun biyu ne ya kamace ka, ɗaya na Star Alliance ɗaya na Qatar, shikenan.

Na san za ka ce toh a haɗe min na baya mana. Ba a yi. Mil da ya riga ya shiga ShebaMiles na Ethiopian ba ya komawa Turkish duk da ƙungiyarsu ɗaya, zaɓin a lokacin tafiya ake yinsa. Inda ake samun sauƙi shi ne masu amfani da Avios, wani nau'in maki da kamfanoni da dama suke tarayya a kansa, Qatar ta koma kansa a 2022, don haka za ka iya matsar da makinka tsakanin Qatar da British Airways da Iberia da Finnair ɗaya da ɗaya ba ragi.

Sai maganar arahar da ka ce kana bi, a nan ma akwai abin da ba a gaya maka ba. Ba kowane tikitin ikonomi ne yake ba da mil daidai ba. Ɗauko tsohon tikitinka ka duba, kusa da lambar jirgi akwai harafi ɗaya tal, Y ko M ko V ko L makamancin haka, wannan harafin shi ne ajin farashin da ka saya. Ku biyu kuna zaune kujera kusa da kujera, abinci iri ɗaya, amma shi harafinsa ya ba shi mil ɗin tafiyar cif, kai naka ya ba ka kashi 25 cikin 100, wani harafin ma sifili ne musamman tikitin garaɓasa da wanda ejan ya yanko na rukuni. Kowane shiri yana da tebur a shafinsa da ke nuna harafi kaza a jirgin kamfani kaza nawa yake bayarwa, kuma teburan ba iri ɗaya ba ne, harafin da wani shirin ya ba sifili wani sai ya ba shi rabi. Kafin ka tsayar da wanda za ka riƙe cikin ukun nan, tattaro tikitocinka na bara, ka ga haruffan da suka fi yawa, ka gwada su a teburin kowanne. Aikin minti talatin ne kuma shi ne zai yanke maka hukunci ba tallar da suke yi ba.

Wasu kamfanonin ma sun bar lissafin nisa gaba ɗaya. Delta da United sun koma lissafin kuɗi a 2015, American ta bi su 2016, a lokacin mil 5 kan kowace dala da aka kashe a tikiti ga mamba na matakin farko, Flying Blue na Air France da KLM ya bi a 2018. A irin waɗannan mai bin araha ba ya tara abin a zo a gani ko da zagaya duniya yake yi.

Yanzu abin da ya ɓace maka. Shi mil ba kuɗinka ba ne da ka ajiye a banki, kuɗi ne da kamfanin ya buga da kansa, shi ke yanke darajarsa, shi ke cewa ranar kaza ya mutu, kuma ka sa hannu ka yarda ranar da ka buɗe akawun. Iri uku ne. Akwai wanda ba ya ƙarewa sam kamar na Delta da United. Akwai wanda yake raye muddin akawun na motsi, American wata 24, British Airways wata 36, ko ɗan ƙaramin maki ya shiga ko ya fita agogon ya koma farko. Sai na uku mai zafin, wanda kowane mil yana da wa'adinsa ko kana tafiya kullum, Turkish da Emirates wajen shekara uku suke bayarwa, na Emirates ma abin dariya a ƙarshen watan haihuwarka suke share shi a shekarar da wa'adin ya cika. Ka shiga kowane akawun yau ɗin nan ka nemo ranar, ka sa ta a kalandar waya.

Ni ma ta taɓa ci na, ta wata fuskar. Na yi shekaru ina tara mil a wani kamfani ina jiran ya kai tikitin bizines biyu, saura kaɗan, wata safiya na buɗe imel na ga sun "gyara" teburin farashi, hanyar da nake hari ta tashi, abin da ya kusa isar mutum biyu ya koma da ƙyar ya ishi mutum ɗaya. Ba wanda zan kai ƙara, ƙa'idarsu ce. Tun daga ranar na daina ajiyar mil, da ya kai abin da zai yi min amfani nake kashe shi, don ban taɓa ganin kamfanin da ya wayi gari ya ƙara wa tsohon mil daraja ba. Delta ma tun 2015 ta cire teburin kwata-kwata, farashin mil yana hawa yana sauka kamar na kuɗi, wasu da yawa sun bi sahu.

In kana mamakin me ya sa suke ta rabon abin nan, sana'a ce babba. American Airlines ta fara shirinta AAdvantage a 1981 don riƙe kwastoma, yau kuwa bankuna ne ke sayen mil da yawa a hannun kamfanonin suna raba wa masu katinsu. Lokacin korona da jirage suka tsaya, United ta jinginar da shirinta MileagePlus ta ci bashin dala biliyan 6.8 a 2020, Delta ta ci biliyan 9 da SkyMiles. Kaga kenan ba kyauta suke yi ba, lissafi ne, kuma mil ɗin da ya mutu a hannunka riba ce tsantsa a wajensu.

Wajen kashewa kuma kar ka ɗauka tikitin mil kyauta ne gaba ɗaya. Harajin filin jirgi kai za ka biya, wasu kamfanonin su ɗora kuɗin mai nasu a kai, za ka gan shi da alamar YQ a bayanin farashi, British Airways ta yi suna a wannan musamman tashi daga Landan. Lissafin da nake yi kullum mai sauƙi ne. A ce tikitin ikonomi dala 600 ne, da mil kuma 40,000 da dala 250 na haraji. Abin da ka tsira da shi dala 350 ne, raba shi da 40,000, kowane mil bai kai santi ɗaya ba. A ce bizines na wannan hanyar dala 2,800 ne, da mil 80,000 da dala 300, ka tsira da 2,500, kowane mil ya haura santi 3. Alƙaluman nan misali ne kawai na kafa amma yanayin haka yake zuwa, mil ya fi daraja a kujerar gaba da doguwar tafiya, da kuma lokacin da tafiya ta taso ba shiri farashin kuɗi ya yi sama. Amma fa kar ka ruɗi kanka, in dama can ba za ka taɓa biyan 2,800 ba, toh ba 2,500 ka ajiye a aljihu ba, jin daɗi ka saya. Mafi munin kashewa shi ne shagonsu na intanet, turare da agogo da akwati, nan mil yake faɗuwa warwas.

Kujerun mil kuma ƙididdigaggu ne, jirgi zai iya zama rabi babu kowa amma a ce maka babu kujerar mil. Galibi suna buɗewa kusan wata 11 kafin tafiya, sai kuma kwanaki kaɗan kafin tashi in sun ga ba za su sayar ba. Mai iya matsar da tafiyarsa kwana biyu gaba ko baya shi ke samu, lokacin hutun makarantu kuwa sai dai sa'a.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi tikitin kyauta amfani ga irinka, wato matsayi. Mil iri biyu ne ke shiga akawun, na kashewa da na hawa mataki, na biyun ba a sayen komai da shi, ƙirga maka yawan tafiya yake yi a cikin shekara. In ka tara a wuri ɗaya ka kai matakin da ake kira Star Alliance Gold, za ka samu ƙarin kaya da shiga falon jira da layin gaba a duk jiragen ƙungiyar ko da tikitin ikonomi ne a hannunka. Ga ɗan kasuwa mai dawowa da kaya ƙarin akwati ɗaya a kowace tafiya ba ƙaramin abu ba ne. Tafiya shida a shekara da harafin araha ba lallai ta kai ka can ba, amma a rabe gida uku kam tabbas ba za ta kai ba.

Otal ma yana ba da maki, Marriott Bonvoy misali ana juya makinsa zuwa mil a yawancin kamfanoni, 3 ya ba ka 1, sai dai sau da yawa ya fi riba ka kwana da shi a otal ɗin. Katin bashi mai tara mil kuwa in ba kana biyan abin da ka ci gaba ɗaya duk wata ba, kuɗin ruwan zai cinye darajar mil ɗin ya ƙara da naka, ban ba ka shawara ba. Haka sayen mil a hannun dillalai a intanet, ƙa'idar kamfanoni ta hana, in sun gano suna rufe akawun su soke tikitin, wani sai ya je filin jirgi yake sani.

Game da 14,000 da 9,000 ɗin da ke warwatse, kar ka bar su su mutu. Duba ko za su isa gajeriyar tafiya ta zuwa kawai, ko ƙarin kaya, ko tsarin da ake biyan wani ɓangare da mil wani da kuɗi, wasu shirye-shiryen kuma suna barin iyali su haɗa nasu a asusu ɗaya. Sannan tafiye-tafiyen da ka yi kwanan nan waɗanda ba ka sa lamba ba, yawancin kamfanoni suna karɓar nema daga baya cikin wata 6 zuwa 12, da lambar tikiti mai alƙaluma 13 da bodin fas, shi ya sa ba na yar da nawa sai na ga mil ya shiga. Ka kuma tabbatar sunan da ke akawun ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, Muhammad da Mohammed a wajen kwamfutarsu mutum biyu ne daban.