Amsar Baffa kan sunan jaririnku na Landan

Ɗana, na ga saƙonka. Barka da arziki, Allah Ya raya mana, Ya ba mai jego lafiya. Ka ce kana tunanin sa wa yaron sunan Turawa dan kar ya sha wuya a makaranta ko wajen neman aiki, kuma ka rasa yadda za ka yi da rago.

Na rago ba wuya. Dokarsu ta ce sai a mayanka, to ka bi, kar ka kuskura ka kwantar da dabba a tsakar gida. Ka biya mahaucin halal, ko ka turo kuɗi mu yanka nan ran bakwai. Aski sunna ne ka yi, amma cire beli aikin wanzamai ne ba addini ba, bar shi. Rajistar haihuwa kuma kwana 42 suka bayar, kar ka wuce.

Amma sunan nan wallahi ban yarda ba. Ai ba ku kuka fara zuwa ba, masallacin garin Woking da ke kusa da Landan tun 1889 yake tsaye, kuma ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi sun kai miliyan 3.9 a Ingila da Wales. Magajin garin da kake ciki fa? Sadiq Khan, ɗan direban bas daga Fakistan, an zaɓe shi a 2016 da sunan da ubansa ya raɗa mai. Na san akwai masu ganin Muhammadu a takarda su ture ta gefe, ban ce babu ba, to amma wanda ya ƙi shi dan suna in ya ga fatarsa ma ƙin sa zai yi, ka ga an yi biyu babu kenan, yaro ya tashi yana jin kunyar gidansu. In sauƙin faɗa kake so ga Adam, ga Yusuf, ga Idris.

Yaron nan ɗan Birtaniya ne, ka bar shi ya so ƙasarsa. Mutanenmu na garin Mai Wurno da ke Sudan 'yan Sudan ne cikakku, Hausa kuma na bakinsu har yau. Ku riƙa yi mai Hausa a gida, Turanci makaranta ta ishe shi. Ran suna ka kai wa maƙwabtanka Turawa waina da nama har ƙofa, ka gaya musu abin da ake yi. Ka kira ni da asuba in yi mai addu'a.