Tambaya da Amsa: 'Yan guruf sun ƙwace min labarina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ina neman shawara. Littafi nake rubutawa a waya ina sakewa a guruf ɗin WhatsApp kullum shafi ɗaya, to yanzu masu karatun sun hana ni sakat, wannan ta ce in kashe kishiyar, waccan ta ce in ba a maida auren ba ita ta daina bi, ni kuma ina ta biye musu har labarin ya kuɓuce min ban san inda zan sauke shi ba. Abin haushin, lokacin da aka katse mana sabis a 2021 na cika littafin makaranta guda da biro kuma wallahi ya fi wannan daɗi. Mi za ni yi, ko in aje wayar gaba ɗai?
Ƙanwarki daga Tudun Wada, Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanwata. Waya dai ba ruwanta. A Satumban 2021 ɗin nan abin da kika samu shi ne babu mai tsaye a kanki tana "Anti a ƙaro mana", ke kaɗai ce da mutanen labarinki. Yanzu kuwa miyar tana kan wuta kin bar tukunya a buɗe kowa na zuba nasa gishirin.

Sauraren masu karatu ba yau aka fara ba. Marubutan Kano na shekarun 1990 suna fitar da littafi na ɗaya, sai na biyu, sai na uku, wasiƙu na zuwa musu, amma fa tsakani akwai watanni na tunani, ba irin naki ba da sharhin ƙarfe tara na dare ke canza shafin safiya. Su Abubakar Imam ma da suka shiga gasar 1933 ta Hukumar Fassara a Zariya kammalallen labari suka miƙa, aka tace kafin a buga.

To ki sanar da guruf kin tafi hutun sati biyu. Ki kashe data, ki ɗau takarda ki rubuta yadda KE kike son ya ƙare ko da layi biyar ne, sannan ki koma tun shafin farko ki karanta da ƙarfi, duk inda kika ji muryar wata ce ba taki ba ki soke. Taifin ɗin a manhajar rubutu za ki riƙa yi ba cikin WhatsApp ba, kina tura wa kanki kwafi ta imel don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sacewa. Ki saka Hausa a Gboard, wato manhajar madannan rubutu ta waya, saboda ƙ da ɗ da ɓ (wannan ciwon ya daɗe yana damuna da marubutanmu na intanet). Kar ki sake sakin shafi sai kina da goma a ajiye.

In kina son horo ki gwada gajeren labari irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, can ba wurin ja da labari.

Wasu za su yi fushi su fita, ki ƙyale su. Waɗanda suka biya kuɗin karatu kam haƙƙinsu ne ki faɗa musu ranar dawowa, kuma ki cika.