Bayan an dawo daga tafiya, gida ya gundure ki

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai tambaya, na karanta saƙonki har sau biyu. Kin ce ke da maigidanki kun yi tafiyarku ta farko zuwa ƙasar waje, yau wata biyu da dawowarku amma gida ya fita a ranki, kullum kina kan hotunan waya, kina tambaya ko ku fara tarin kuɗin wata tafiyar ko kuwa akwai wata dabara. Na taɓa shiga wannan halin, shi ya sa na ce bari in zauna in ba ki labari da ɗan tsawo.

Mu Maroko muka fara zuwa, kuma a watan Agusta, don lokacin ne Abban yara ya sami hutu. Ba mu tambayi kowa yanayin ƙasar ba. A Marakesh zafi kan haura digiri 40 a wannan watan, saboda haka daga hantsi har bayan la'asar muna ɗaki. Sai da muka wuce Fas muka sami damar yawo, domin lungunan tsohon garin matsattsu ne, inuwa ba ta rabuwa da su, mota ma ba ta shiga, alfadarai da jakuna ne ke dakon kaya. Can muka yi sallah a masallacin Ƙarawiyyin, wanda wata baiwar Allah mai suna Fatima al-Fihri ta assasa a shekarar 859 da dukiyar gadonta. Tun daga wannan tafiyar, kafin mu ce wace ƙasa, sai mun fara cewa wane wata.

Da wannan darasin muka je Istanbul a watan Afrilu, lokacin da furen tulif ke buɗewa. Akwai wani lambu da ake kira Emirgan a gefen mashigar ruwan Bosforus, an shuka furen nan launi-launi har ido ya rasa inda zai tsaya. Ƙwayarsa kamar albasa take, sai ta sha sanyin hunturu a cikin ƙasa kafin ta yi fure, furen kuma 'yan makonni kaɗan yake yi ya zube. Amma abin da ya tsaya mini a rai mutanen garin ne. Tsofaffi da sandunansu, iyaye da jarirai a keke, ma'aurata a zaune kan benci ba mai ce wa wani uffan, kowa ya zo ganin abin da ya gani bara, kuma in Allah ya kai rai zai sake gani baɗi. Mu mun keto sararin samaniya mun zo, su da ƙafa suka tako daga unguwanninsu, amma murnarsu ba ta gaza tamu ba.

A tafiyar nan ne dai, muna cikin jirgin ruwan da ke tashi daga Eminonu ya tsallaka zuwa Uskudar, wato daga ɓangaren Turai zuwa na Asiya, Abban yara ya taɓa ni ya nuna sama. Wasu manyan tsuntsaye ne farare, dangin shamuwa, sun yi garke suna kewayawa can ƙololuwa ba tare da kaɗa fiffike ba. Daga Afirka suka taso za su Turai su yi sheƙa. Iskar ɗumi mai tashi daga ƙasa ce ke ɗaga su, kuma irin wannan iskar ba ta tashi a kan teku, shi ya sa suke neman inda ruwa ya tsuke su tsallaka, ko ta Bosforus ko ta mashigar Jibralta da ke tsakanin Maroko da Sifen. Ya ce da ni, wa ya sani ko ta kanmu suka wuce a gida, ba mu taɓa ɗaga kai ba. Wallahi maganar nan ta shige ni.

Landan kuwa a Disamba muka gan ta. Rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba duk cikin awa huɗu ake yin su, bishiyoyi tsirara ba ganye ko ɗaya. Ranar da rana ta ɗan leƙo, sai ki ga mutane sun tsaya sun miƙa mata fuska. Ni da na saba gudunta, na dawo ina gaishe ta kowace safiya.

To ga abin da muka yi da muka dawo. Mun sayi ɗan littafin rubutu muka ajiye kusa da taga. A ciki muke rubuta ranar da aka yi ruwan farko, ranar da muka fara jawo bargo da asuba, ranar da bishiyar tsakar gida ta zubar da ganye da ranar da ta yi toho, da ranar da shamuwa ta dawo sheƙarta. Ba wani dogon bayani, layi ɗaya ne da kwanan wata. Shekara ta zagayo sai mu buɗe mu ga ko bana damina ta riga bara sauka. Har gardama muke yi a kai, shi ya ce mako mai zuwa, ni in ce da saura. Idan hadari ya haɗo, kowa ya ajiye abin da yake yi, mu fito da kujeru biyu mu jira ƙamshin nan na ƙasa. Na shuka furanni a tukwane guda shida, shi ke ba su ruwa da safe, ni da yamma. Lokacin sanyi muna tattaki bayan la'asar, lokacin zafi kuma bayan isha'i muke zama waje har iska ta sauko.

Akwai shekarar da muna can wata ƙasa aka yi ruwan farko. Da aka gaya mana ta waya, sai da na ji ƙwalla ta taru mini. Shafin ranar har yanzu fari ne a littafin. Tun daga nan ba ma sa tafiya a farkon damina, komai kyawun garin da za a je.

Batun tarin kuɗi, ku tara, amma a hankali, kuma kar ku ci bashi don yawon buɗe ido. Mu sau ɗaya muke fita a shekara biyu ko uku. Ki duba fasfo ɗinku tun da wuri, ƙasashe da yawa ba sa karɓar wanda bai da sauran wata shida. In kun je, wuri ɗaya a rana ya isa. Yawancin saɓanin da muka taɓa samu a hanya gajiya ce ta kawo shi. Shi mai son gidajen tarihi ne, ni kuma mai son zama in kalli mutane, sai muka raba, safiya tasa, yamma tawa.

Hotunan nan kuma, ki zaɓi goma ki wanke su ki sa a bango, sauran ki huta da buɗe su na ɗan lokaci. Gobe da yamma ki ce wa maigida ku fita ku zaga unguwa, ku zaɓi bishiya ɗaya da za ku riƙa dubawa duk mako. Tamu ta fara toho shekaranjiya, har na rubuta. Allah ya ƙara muku danƙon ƙauna.