Ko za a iya yi wa majinyaci cikakkun haƙoran roba cikin 'yan kwanaki?

Malam, Allah Ya ba Baba lafiya. Ka ce yana kwance a asibiti a nan Sakkwato, haƙoransa duk sun zube, ba ya iya cin komai sai kunu da fura, kuma kana son a yi masa haƙoran roba kafin a sallame shi.

Hakan yana yiwuwa, amma ya danganta da halin da dasashinsa yake ciki. A bisa al'ada aikin yana ɗaukar zama 5: a ɗauki awon baki sau biyu, a auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa suke haɗuwa, a gwada haƙoran a kan kaki, sannan a kawo na ƙarshe. Idan haƙoran sun daɗe da zubewa kuma dasashin ya warke, likita zai iya haɗa waɗannan matakai cikin zama 2 ko 3, muddin mai haɗa haƙoran yana kusa.

Inda nake jan hankalinka shi ne idan kwanan nan aka cire masa haƙoran, domin ƙashin muƙamuƙi yana ci gaba da motsewa na tsawon watanni, har haƙoran da suka zauna daram yau su fara girgiɗi a baki, sai an sake cike cikinsu. Mai ciwon sukari kuwa ya fi jinkirin warkewa, ƙaramar gugar roba tana iya zame masa gyambo.

Ka roƙi likitan da ke duba shi ya tura shi sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan an saka masa, ya fara da tuwo mai laushi, ya riƙa cire su da dare yana jiƙa su a ruwa mai tsabta.